Wa Zai Biya Gyaran Titin Ƙofar Gida? Fashin Baƙi a Kan Harajin Cin Gajiya a Biranen Amurka

Idan titin da ya wuce ta ƙofar gidan mutum ya farfashe, hukumar birni ta zo ta kankare tsohuwar kwalta ta shimfiɗa sabuwa, wa ya kamata ya biya kuɗin aikin: masu gidajen da ke bakin titin, ko kuwa dukkan mazauna birnin? Fiye da shekara ɗari ke nan ana jayayya a kan wannan tambaya a majalisun birane da kotunan Amurka. Ta sake tasowa da ƙarfi a birnin Saint Paul, hedikwatar jihar Minnesota, inda kotu ta taka wa hukumar birnin birki har sau biyu, a 2016 da 2022, kafin jama'a su kaɗa ƙuri'ar amincewa da wani sabon haraji a 2023.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa a bakin masu magana a kan batun. Wasu suna ɗauka cewa aza wa mai gida kuɗin titi zalunci ne tsantsa, tunda ya riga ya biya harajin gidansa na shekara. Wasu kuma suna zaton da zarar an soke tsarin, nauyin ya sauka daga wuyan kowa. Duk maganganun biyu akwai ƙanshin gaskiya a cikinsu, amma babu wadda ta kai ga tushen al'amarin.

Wane irin haraji ne wannan?

Hanyoyi uku hukumar birni take bi ta karɓi kuɗi daga mai gida, kuma doka ba ta ɗauke su abu ɗaya ba. Akwai harajin kadara na shekara-shekara, wanda ake lissafawa bisa darajar gida, a zuba shi a baitulmali, a kashe a kan 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, ɗakunan karatu da sauran bukatun kowa da kowa. Mai biya ba shi da ikon cewa sai an nuna masa abin da shi kansa ya samu. Akwai kuɗin hidima, kamar kuɗin ruwan famfo, wanda mutum yake biya gwargwadon abin da ya sha. Na uku shi ne harajin cin gajiya, wato kuɗin da ake aza wa wasu gidaje ƙayyadaddu saboda wani aiki ƙayyadadde da aka yi a kusa da su, bisa hujjar cewa aikin ya ƙara wa gidajen daraja fiye da yadda ya amfani sauran mutanen gari.

Tunanin da ke ƙarƙashinsa ba baƙo ba ne ga Bahaushe, wanda ya ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Idan an fitar da dukiyar jama'a an mayar da turbar ƙasa titin kwalta mai magudanar ruwa da fitilu, farashin filayen da ke wurin zai tashi, kuma ribar aljihun masu filayen za ta shiga. Me zai hana a karɓi wani abu daga cikinta a rage kuɗin aikin? Tun bayan gobarar Landan ta 1666 dokar sake gina birnin ta ba da damar karɓar kuɗi daga masu gidajen da faɗaɗa tituna ya ƙara wa daraja, kuma da irin wannan hanya aka shimfiɗa tituna masu yawa a biranen Amurka a ƙarni na 19.

Sai dai wannan hujja da kanta ta zo da iyaka. Tunda ƙarin daraja ne dalilin karɓar kuɗin, bai halatta a karɓi abin da ya zarce ƙarin darajar ba. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da haka a 1898, a wata shari'a da ta taso daga garin Norwood na jihar Ohio. Hukumar garin ta yanki wani ɓangare na filin wata mata domin tsawaita titi, aka yanke mata diyyar dala 2,000, sannan hukumar ta juyo ta aza wa ragowar filinta harajin cin gajiya na sama da dala 2,200. Da an bar abin haka, da matar ta ba da filinta kyauta, ta kuma biya kuɗin shari'ar ƙwace shi. Kotu ta ce duk abin da aka karɓa fiye da amfanin da kadara ta samu, ƙwace ne ba tare da diyya ba.

Yadda ake yanka wa kowane gida rabonsa

Hanya mafi daɗewa ita ce auna faɗin fuskar fili da ke kallon titi. A ɗauka, alal misali, aikin wani titi zai ci dala miliyan ɗaya, hukuma ta ɗauki kashi 75 cikin ɗari, ta bar wa masu gidaje dala 250,000. Idan jimillar fuskokin filayen da ke hagu da dama ta kai ƙafa 5,000, kowace ƙafa ta tashi a kan dala 50, mai gidan da faɗinsa ya kai ƙafa 60 zai biya dala 3,000. Lissafin yana da sauƙi, kuma Kotun Ƙoli ta amince da shi a 1901 a wata shari'a daga Kansas City, shekara uku kacal bayan hukuncin Norwood. Aibinsa shi ne bai san mai kuɗi da talaka ba, bai kuma san bene mai hawa goma da ɗan ƙaramin gida ba, matuƙar faɗinsu ɗaya ne. Wanda gidansa ke kan kwana kuwa, titi biyu ne ke jiransa, abin da ya sa birane da yawa suke yi masa rangwame. Wasu biranen suna raba kuɗin daidai wa daida a kan kowane gida, wasu kuma suna bin girman fili.

Dokar jihar Minnesota ta shimfiɗa matakan da dole a bi. Sai injiniya ya rubuta rahoto a kan dacewar aikin da kuɗinsa, a aika wa masu gidaje takardar sanarwa, a yi zaman jin ra'ayin jama'a. Idan masu kashi 35 cikin ɗari na fuskokin filayen ne suka rubuta takardar neman aikin, rinjaye kawai ake bukata a majalisar birni. Idan kuwa majalisar ce ta ƙirƙiro shi da kanta, sai kashi huɗu cikin biyar na kansiloli sun yarda. Daga baya a sake zama a kan rabon kowane gida. Wanda bai gamsu ba dole ya miƙa ƙorafinsa a rubuce kafin zaman ko a lokacinsa, sannan yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara zuwa kotu. Ana iya biya gaba ɗaya, ana iya rarrabawa a shekaru tare da kuɗin ruwa, kuma bashin gidan yake bi ba mutum ba, ta yadda idan an tashi sayar da gida sai an san yadda za a yi da shi. Doka ta kuma ba birane ikon jinkirta biya ga wanda ya kai shekara 65 ko mai naƙasa idan biyan zai ƙuntata masa.

Jihar Kalifoniya ta fi tsanantawa. Tun 1996, bayan wani gyaran tsarin mulkin jihar da jama'a suka amince da shi, ba a aza irin wannan haraji sai an aika wa masu kadarorin takardar ƙuri'a, kuma nauyin ƙuri'ar kowa gwargwadon abin da zai biya ne. Idan masu ƙi suka rinjayi masu so, maganar ta mutu.

Me ya sa birane suke rungumarsa?

Babban dalili shi ne ƙarancin kuɗi. Titunan unguwanni a Amurka nauyin birane ne, kuma yawancinsu an gina su ne a shekarun bunƙasar da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai ga shi sun tsufa kusan lokaci guda. Harajin fetur na gwamnatin tarayya, santi 18.4 na dala a kan kowane galan, bai motsa ba tun 1993, kuma akasarin abin da ake samu daga gare shi manyan hanyoyi yake tafiya. A jihohin arewa irin su Minnesota, ruwa yana shiga tsagar kwalta ya daskare ya kumbura, ya narke ya bar rami, kowace shekara.

Akwai kuma dalilai na siyasa da na doka waɗanda ba a cika faɗa a fili ba. Ƙarin harajin kadara yana taɓa kowane mai ƙuri'a a lokaci ɗaya, shi kuwa harajin cin gajiya 'yan gidaje kaɗan yake taɓawa a kowace shekara, fushinsu ba ya kayar da magajin gari. A Minnesota, idan aka aza wa masu gidaje aƙalla kashi 20 cikin ɗari na kuɗin aiki, birni yana iya sayar da takardun lamuni ya ciwo bashin aikin ba tare da kiran ƙuri'ar jama'a ba. Dalili na ƙarshe shi ne wanda ya jefa Saint Paul cikin rikici: wuraren ibada, kwalejoji da asibitocin da ba na neman riba ba, an ɗauke musu harajin kadara, amma ba a ɗauke musu harajin cin gajiya ba.

Abin da ya faru a Saint Paul

Saint Paul birni ne mai yawan kadarorin da ba sa biyan haraji, kasancewarsa mazaunin gwamnatin jiha, ga kwalejoji da asibitoci da coci-coci. Motocin ma'aikata da ɗalibai da masu ibada suna bin titunan kamar na kowa. Domin a janyo waɗannan cibiyoyi cikin masu ɗaukar nauyi, hukumar birnin ta daɗe tana aza wa kusan kowace kadara wani kuɗi na shekara-shekara bisa faɗin fuskarta, tana biyan sharar tituna, kwashe dusar ƙanƙara, cike ramuka, sassabe bishiyoyi da kula da fitilu. Abin da ake tarawa ya kai kimanin dala miliyan 30 a shekara.

Coci biyu da ke tsakiyar birnin, First Baptist da Saint Mary, suka kai ƙara. Hukumar birni ta kare kanta da cewa abin da take karɓa kuɗin hidima ne, saboda haka ba sai ta nuna cewa darajar kowace kadara ta ƙaru ba. A watan Agustan 2016 Kotun Ƙolin Minnesota ta ƙi karɓar wannan hujja. Ta ce kuɗin da ake karɓa daga kusan kowa, kowace shekara, domin ayyukan da duk mai bin titi yake amfana da su, haraji ne ko da wane suna aka laƙaba masa. Tunda kuwa haraji ne da aka aza wa kadara ɗaya-ɗaya, wajibi ne a auna shi da ma'aunin ƙarin daraja.

A nan ne gizo ke saƙar. Abu ne mai yiwuwa a kawo mai tantance darajar kadara ya shaida cewa sabon titi ya ƙara wa gida dala dubu kaza. Amma wa zai iya rantsuwa cewa sharar titi ta bana ta ɗaga farashin coci? Hukumar ta gane haka, sai ta mayar da mafi yawan kuɗin cikin harajin kadara, abin da ya sa jimillar harajin da birnin ya aza a 2018 ta tashi da kusan kashi 24 cikin ɗari. Ta riƙe wani ɓangare a ƙarƙashin sabon suna, tana ci gaba da karɓar kuɗin shara, fitilu da sabunta fuskar kwalta. A watan Mayun 2022 wani alƙalin kotun gundumar Ramsey, inda Saint Paul yake, ya yanke hukunci cewa wannan ma haraji ne a cikin rigar kuɗin hidima. Aka sake kwashe miliyoyin daloli aka ɗora a kan harajin kadara na 2023.

Sakamakon ya zo da abin da masu murnar hukuncin ba duka suka hango ba. Mai ɗan ƙaramin gida ya daina ganin takardar kuɗin titi, amma harajinsa na shekara ya hau, kuma rabon da manyan cibiyoyi suke biya a da ya dawo kansa da maƙwabtansa. A watan Nuwamban 2023 masu ƙuri'a suka amince da ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari a kan harajin sayayya, wanda aka fara karɓa a watan Afrilun 2024, da tsammanin tara kusan dala biliyan ɗaya a shekara 20, kashi uku cikin huɗu domin manyan tituna da gadoji, ragowar domin wuraren shaƙatawa. Wannan hanya ta kamo baƙin da ke shigowa birnin aiki da sayayya, sai dai harajin sayayya ya fi cin aljihun mai ƙaramin ƙarfi, domin shi ne yake kashe kusan duk abin da ya samu.

A ganina kotunan sun yi daidai, ko da yake hukuncin ya bar hukumar birnin da matsala ta gaske. Hukuma ba ta da haƙƙin sauya wa haraji suna domin ta kauce wa sharuɗɗansa. Idan ana ganin bai dace manyan asibitoci da kwalejoji su ci moriyar tituna kyauta ba, kuma ni ma ina ganin bai dace ba, wurin gyara wannan shi ne majalisar dokoki ko teburin yarjejeniya da cibiyoyin.

Inda takalmin ke matse talaka

Masu goyon bayan tsarin suna da hujjojin da ba za a raina ba. Mai biya yana ganin abin da kuɗinsa ya yi a ƙofar gidansa, yana da damar tsayawa gaban kansiloli ya tambayi dalilin faɗin titin da tsadarsa, kuma mutumin da ke can wata unguwa ba ya biyan kuɗin lungun da bai taɓa shiga ba.

Matsalar ita ce bambancin da ke tsakanin sabon aiki da gyara. Mayar da turbar ƙasa kwalta yana ƙara wa gida abin da ba shi da shi. Sake gina titin da ya shekara 50 kuwa mayar da al'amari ne yadda yake, kuma sau da yawa ba masu gidajen ne suka lalata shi ba. Injiniyoyin hanya sun daɗe da sanin cewa ɓarnar da mota ke yi wa kwalta tana ninkuwa sosai da ƙaruwar nauyi, ta yadda babbar motar kaya guda tana yin lahanin da ƙananan motoci masu ɗimbin yawa ba su yi ba. Mai gida a bakin hanyar da bas-bas da manyan motoci suke bi yana shan hayaniya da hayaƙi, sannan a kawo masa takardar biyan abin da suka farfasa. Gyaran ma yana iya ƙara yawan motoci da gudunsu, wanda ba lallai ya zama alheri ga gidansa ba.

Sai kuma yadda kuɗin yake faɗowa gaba ɗaya. Tsohuwar da ta gama biyan bashin gidanta, take rayuwa a kan fansho, tana iya wayar gari da bashin dubban daloli, alhali ƙarin darajar da aka ce gidanta ya samu ba za ta gan shi ba sai ranar da ta sayar. Ɗan haya ma bai tsira ba, domin mai gida zai nemi mayar da kuɗinsa ta hanyar haya. Ƙalubalantar harajin a kotu kuwa yana bukatar lauya da mai tantance daraja, kuma kuɗinsu yana iya wuce abin da ake jayayya a kansa. Inda kuma aikin ya dogara ga yardar masu gidaje, unguwar masu hali takan ce a yi, unguwar marasa ƙarfi ta ce a bari, a ƙarshe titunan talakawa su ne ke ci gaba da lalacewa.

Wahalar fita daga tsarin

Birnin da ya yanke shawarar daina wannan haraji yana cin karo da tambaya mai ɗaci: yaya za a yi da waɗanda suka riga suka biya? Birnin Indianapolis na jihar Indiana ya ɗanɗana wannan. A wani aikin bututun ƙazanta da ya shafi gidaje 180, an aza wa kowane gida dala 9,278. Masu gida 38 suka biya gaba ɗaya, sauran suka zaɓi biya kaɗan-kaɗan. A 2005 birnin ya sauya tsari, ya yafe duk bashin da ya rage, amma ya ƙi mayar wa waɗanda suka biya duka ko sisi, alhali wasu maƙwabtansu ba su biya abin da ya wuce dala ɗari uku da 'yan kai ba. A 2012 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai shida a kan uku, ta ce birnin bai saɓa wa tsarin mulki ba. Hukuncin ya halatta abin, amma da wuya a gamsar da mutanen nan cewa an yi musu adalci. Gudun irin haka ne ya sa garin Edina na Minnesota, a 2021, ya zaɓi janyewa sannu a hankali cikin shekara 16.

Jamus ta bi ta wannan hanya, kuma ta raba abin gida biyu yadda ya kamata. Kuɗin gina titi karo na farko yana nan a wuyan masu filaye, har zuwa kashi 90 cikin ɗari. Kuɗin sabunta tsohon titi kuwa jihohi suna ta soke shi ɗaya bayan ɗaya: Berlin a 2012, Hamburg a 2016, Bavariya a 2018, North Rhine-Westphalia a 2024. Bavariya ta ware yuro miliyan 50 domin rage wa wasu daga cikin waɗanda suka biya tsakanin 2014 da 2017 raɗaɗi, kuma gwamnatin jihar ce ta ɗauki nauyin cike wa ƙananan hukumomi giɓin daga baitulmalinta.

Inda batun ya taɓo Najeriya

Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina tituna, fitilun titi da magudanan ruwa da kula da su, ya kuma ba su aikin tantance gidaje domin karɓar harajin da majalisar jiha ta tsara. A 2001 jihar Legas ta haɗe harajin gida, kuɗin ƙasa da kuɗin inganta unguwa suka zama haraji guda. Da aka ƙara shi a 2018, ƙorafin 'yan kasuwa da lauyoyi ya sa gwamnati ta rage, kuma a 2020 aka sake dokar.

A unguwannin Kano, Kaduna, Zariya da sauran garuruwanmu kuwa, masu gidaje sun daɗe suna biyan wani abu mai kama da harajin cin gajiya, ko da yake babu dokar da ta tsara shi. Ƙungiyar taimakon kai da kai takan zauna da mai unguwa, a yanka wa kowane gida abin da zai kawo domin yashe kwata, sayen ƙasa a cike rami, ko gina kwalbati kafin damina. Tambayoyin da suka kai Saint Paul kotu su ne ake yi a waɗannan tarurruka: mai gida zai biya ko ɗan haya, mai shago da mai gidan biredi da ke shigo da manyan motoci za su biya daidai da bazawarar da ke riƙe da marayu, makarantar kuɗi da ke kan layin za ta sa hannu ko a'a. Abin da babu shi ne rahoton injiniya, lissafin da aka rubuta kowa ya gani, da wurin kai ƙara. Bayan hukuncin Kotun Ƙolin Najeriya na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, mazauna unguwa suna da ƙarin hujjar neman shugaban ƙaramar hukumarsu ya fayyace musu wane aikin titi ne yake cikin kasafin kuɗinsa, wane ne kuma yake so su haɗa kuɗi a kai, kuma bisa wane lissafi.